Me ya sa ɗalibanmu a Amurka ke ƙaurace wa cibiyar ba da shawara ta jami'a?

Ɗan Zazzau ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina karatun digiri na uku a wata jami'a da ke tsakiyar Amurka, kuma ina cikin shugabannin ƙungiyar ɗaliban Afirka ta makarantar. Jami'armu, kamar sauran manyan jami'o'in ƙasar nan, tana da cibiyar ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, inda ɗalibin da damuwa ko fargaba ko rashin barci ya addaba zai je ya zauna da ƙwararre su tattauna, kuma kuɗin hakan yana cikin abin da kowa ya riga ya biya wajen rajista. Turawan da muke aiki tare a ɗakin gwaje-gwaje sukan faɗa a gaban kowa cewa ba za su samu halartar taro ba saboda suna da ganawa da mai ba su shawara, kuma babu wanda ke ɗaga kai ya dube su. Mu kuwa ko ambaton wurin ba ma yi.

A zangon karatun da ya gabata wani ƙanenmu daga Afirka ta Yamma ya daina shiga aji, ya rame, ya kulle kansa a ɗaki, labulensa a sake ko da rana tsaka, kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce zazzaɓi ne. Da na ba shi shawarar ya je cibiyar, sai ya dube ni ya ce, "Yaya, ni ba mahaukaci ba ne." Daga baya na lura cewa Amurkawa baƙar fata da ɗaliban Sin da na Indiya su ma ba su cika zuwa ba, ko da yake kowa da irin hanzarinsa.

Tambayata ita ce, mene ne ainihin abin da ke hana mu? Launin fata ne da asali, ko addini, ko kuwa irin mutanen da muke hulɗa da su? Shugabar cibiyar ta nuna sha'awar zuwa ta yi mana lacca, amma ina tsoron a shirya kujeru ta zo ta tarar da zauren babu kowa.

'Yar Katsina ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni fannin lafiyar al'umma nake karanta, kuma wannan tambaya taka an daɗe ana bincike a kanta a ƙasar nan. A ganina launin fata da abokan hulɗa ba abubuwa biyu ne da za a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba, domin ta hanyar na biyun ne na farkon yake yin yawancin aikinsa.

A shekarar 2007 David Vogel da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Iowa sun wallafa binciken da suka yi a kan ɗalibai. Sun gano cewa a cikin waɗanda suka taɓa neman taimakon ƙwararre, kusan kashi 75 cikin ɗari wani ne ya ba su shawarar su je, sannan kusan kashi 94 cikin ɗari sun san wani da ya riga su zuwa. Wato da wuya mutum ya tashi shi kaɗai ya nufi wannan ƙofa. Akwai wanda ya ce masa ya je, ko kuma wanda ya gani da idonsa ya je ya dawo lafiya, bai zubar da mutuncinsa ba. Tun farkon shekarun 1990 Bernice Pescosolido ta Jami'ar Indiyana take jaddada cewa neman magani ba shawarar mutum ɗaya ba ce da yake yankewa a zuciyarsa, al'amari ne da ke gudana tsakaninsa da dangi da abokai da malamai, wasu su tura shi, wasu su riƙe shi.

Sai ka haɗa wannan da wani abin. Masana zamantakewa, irin su McPherson da Smith-Lovin da Cook a nazarinsu na 2001, sun nuna cewa a Amurka babu abin da ke raba abokantaka kamar launin fata da asali. Ya fi shekaru, ya fi addini, ya fi matakin ilimi. Dubi ɗakin cin abinci na makarantarku da rana, za ka ga yadda teburan suka kasu. Baturen da ke ɗakin gwaje-gwajenku mai yiwuwa mahaifiyarsa ta taɓa ganin mai ba da shawara, abokinsa na sakandare ma haka, saboda haka shi a wurinsa abu ne da aka saba. Ƙanen nan naku kuwa, idan ya lissafa mutum goma da ya fi kusa da su, daga waɗanda yake cin abinci da su zuwa waɗanda yake waya da su a gida, watakila babu ko ɗaya da ya taɓa zuwa, ko kuma akwai amma ya ɓoye. Ɓoyewar nan ita ce ta fi damuna, domin tana sa kowa ya zaci shi ne na farko.

Binciken da Daniel Eisenberg da abokansa suka yi a jami'o'i 13, wanda ya fito a 2009, ya ƙara haske. Sun bambanta tsakanin abin da ɗalibi yake zaton mutane za su ce, da abin da shi kansa ya yi imani da shi game da mai neman irin wannan taimako. Na biyun ne aka samu yana da alaƙa da ƙin zuwa, kuma ya fi ƙarfi a tsakanin maza, da 'yan asalin Asiya, da ɗaliban da suka zo daga ƙasashen waje, da masu riƙo da addini, da waɗanda suka fito daga gidajen marasa ƙarfi. Ka ga ƙanenku zai iya shiga rukuni uku ko huɗu a lokaci guda. Da ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ba surutun mutane kawai yake gudu ba, shi ma a ransa haka ya ɗauki masu zuwa. Wannan ra'ayi kuwa ba da shi aka haife shi ba, a wurin mutane ya ji shi.

Baban Yusra ya amsa:

Malama, Allah Ya ƙara basira. Na yarda da yawancin abin da kika kawo, sai dai ina jin tsoron kada a fahimci cewa matsalar duk ta rashin sani ce, wadda za ta kau da zarar an ga wani ya je. Na shekara da yawa ina aikin jinya a sashen masu taɓin hankali a ƙasar nan, kuma abin da na koya daga Amurkawa baƙar fata, marasa lafiya da abokan aiki, shi ne rashin yardarsu yana da tushe.

A 1851 wani likita a Luwiziyana mai suna Samuel Cartwright ya rubuta cewa gudun da bayi suke yi daga iyayengijinsu wata cuta ce ta ƙwaƙwalwa, har ya raɗa mata suna. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin tarayya ta gudanar da bincike a Tuskegee da ke jihar Alabama a kan maza baƙar fata kimanin 600, waɗanda 399 daga cikinsu suke ɗauke da cutar tunjere, ba a faɗa musu gaskiyar abin da ke damunsu ba, kuma ba a ba su fenisilin ba bayan ya zama maganin da kowa ya sani. Sai a 1997 Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara. Har yau kuma bincike yana nuna cewa an fi saurin yanke wa baƙar fata hukuncin cewa yana da taɓin hankali mai tsanani, alhali Bature mai alamomi makamantan nasa a ce ciwon damuwa ne. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka da kanta ta fito a watan Oktoba na 2021 ta nemi afuwa kan rawar da ta taka wajen ƙarfafa wariyar launin fata.

Ɗalibin da ya tashi a gidan da kakarsa take ba da irin waɗannan labarai, mutanen da ke kewaye da shi ba shiru suka yi ba, gargaɗi suke yi masa: kada ka buɗe wa waɗannan mutane cikinka, za su rubuta a takarda, takardar kuma za ta bi ka. Francis Terrell da Sandra Terrell sun ƙirƙiro ma'aunin wannan rashin yarda tun 1981, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ɗalibin da rashin yardarsa ya yi yawa ba ya sa ran samun alheri a wurin mai ba da shawara Bature, kuma ba ya sakin jiki ya faɗi abin da ke ransa. To wa zai tarar idan ya je? Alƙaluman ƙungiyar da na ambata sun nuna cewa a 2015 kashi 86 cikin ɗari na masana halayyar ɗan Adam da ke aiki a Amurka farar fata ne, baƙar fata kashi 4 kacal.

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan an shiga. Tun 1977 Stanley Sue ya duba cibiyoyin lafiyar ƙwaƙwalwa na yankin Siyatil, ya gano cewa kusan rabin waɗanda ba farar fata ba ba sa komawa bayan zama na farko, alhali a Turawa kusan kashi 30 ne. Wanda ya je sau ɗaya ya fito da ɓacin rai, shi ma labari zai bayar a cikin abokansa. Don haka sanin wanda ya je bai wadatar ba, sai an tambayi abin da ya tarar.

Amma Malam Ɗan Zazzau, kada ku haɗa kanku da Amurkawa baƙar fata a kwando ɗaya. Sau da yawa ana lissafa mu tare, tarihinmu kuwa daban ne. Yaron da ya zo daga Kano ko Damagaram ko Kumasi bai gaji Tuskegee ba. Abin da ya gada shi ne hoton mutumin da ke yawo a kasuwa da tsumma, da kuma tsoron kada a ce akwai hauka a danginsu har ya shafi auren ƙannensa mata.

Hajiya Maman Khalil ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari, 'ya'yana. Ni ba 'yar boko mai zurfi ba ce kamar ku, amma na yi shekaru a ƙasar nan, yara da yawa daga gida sun sauka a hannuna kafin su wuce makarantunsu, don haka ina da abin faɗa.

Kada a yi magana kamar mu ba mu da inda muke kai kukanmu. Muna da uwa, muna da yaya, muna da liman, muna da addu'a da haƙuri, kuma waɗannan sun riƙe mutane da yawa a lokacin da babu wata cibiya. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma rufin asirin gida wajibi ne. Yaron da ya ƙi zama gaban baƙo ya zayyana masa rigimar mahaifinsa da kishiyar mahaifiyarsa, ba jahilci ya nuna ba, tarbiyya ya nuna.

Ga abin da na gani da idona. Wata 'yar ƙanwata da ke karatu a wata jiha ta shiga matsananciyar damuwa, domin daga ɗan kuɗin tallafin karatunta take aika wa gida, ga kuɗin makarantar ƙanne, ga maganin mahaifinta. Ta daure ta je cibiyar makarantarsu. Matar da ta gani ta saurare ta da kyau, amma shawarar da ta ba ta ita ce ta rage ɗaukar wayar gida, ta koyi cewa a'a, ta fara sa kanta a gaba. Yarinyar ta kira ni tana kuka, ta ce, "Inna, so take in yar da iyayena." Ba ta sake komawa ba, kuma na tabbata duk ƙawayenta sun ji labari. Ban ce matar muguwa ba ce, amma ba ta san cewa a wurinmu hidimar iyaye ba nauyi ba ne da ake neman saukewa, abu ne da ake neman ƙarfin ɗauka.

Sannan akwai tsoron da yara ba sa faɗa a fili, wato biza. Suna ganin da zarar sunansu ya shiga littafin wannan wuri, labari zai kai ga malaminsu, ko ga masu ba su tallafi, ko ofishin shige da fice. Ku da kuka sani ku faɗa mana gaskiyar wannan, domin idan ba a warware shi ba, ko lacca ɗari aka yi babu mai zuwa.

'Yar Katsina ta sake amsawa:

Hajiya, Allah Ya saka da alheri, kin taɓo inda ya fi muhimmanci. Bari in fara da batun sirri. A bisa ƙa'ida, abin da ɗalibi ya faɗa a cibiyar ba ya shiga takardar sakamakonsa, ba a sanar da malamansa, kuma idan ya kai shekara 18 ba a sanar da iyayensa sai da izininsa. Akwai togaciya, kuma ya kamata a faɗa wa yara ita ba tare da ɓoye-ɓoye ba: idan akwai haɗarin mutum ya halaka kansa ko ya cutar da wani, ko ana cin zarafin ƙaramin yaro, ko kotu ta ba da umarni. Dokokin jihohi sun ɗan bambanta, shi ya sa ake bayyana su a takardar da ake sa wa hannu a zama na farko. Game da biza kuwa, dokar ɗaliban ƙasashen waje masu biza ta F-1 ta ba da damar a rage wa ɗalibi yawan darussa saboda rashin lafiya, har da ta ƙwaƙwalwa, na tsawon da bai wuce wata 12 ba a matakin karatu guda, muddin likita ko ƙwararren masanin halayya mai lasisi ya rubuta, kuma ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya amince tun kafin a ajiye darasin. Wanda ya kulle kansa a ɗaki ya daina shiga aji ba tare da wannan izini ba, shi ne bizarsa take cikin haɗari na gaske. Da yaranmu sun san wannan, da lissafinsu ya canza.

Labarin 'yar ƙanwarki kuwa ya yi daidai da gargaɗin Baban Yusra, kuma na karɓi gyaransa. Sai dai maganin ba lallai ne ya zama samun mai ba da shawara mai launin fatarmu ba. A 2011 Raquel Cabral da Timothy Smith sun tattara bincike masu yawa, suka ga cewa mutane sun fi son wanda suke asali ɗaya da shi, musamman Amurkawa baƙar fata, amma idan aka zo ga samun sauƙi bambancin kaɗan ne ƙwarai. Abin da na fahimta daga nan shi ne kamannin fuska yana taimakawa wajen shigowa, zama kuwa sai da wanda ya iya tambaya kafin ya ba da shawara. Ɗalibi yana da haƙƙin ya nemi a canza masa wani idan bai gamsu ba, kuma da yawa ba su san haka ba.

Ban kuma ga dalilin da zai sa a ce sai an zaɓa tsakanin liman da ƙwararre ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya yi rubutu a kan baƙin ciki da tsoro da waswasi, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke zuwa haka kawai yana buƙatar magani. A yau akwai Cibiyar Khalil da aka kafa a yankin Shikago, wadda ke haɗa ilimin halayyar ɗan Adam da koyarwar Musulunci, akwai kuma aikin Dakta Rania Awaad a Jami'ar Stanford. Ko a Najeriya, Farfesa Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta a 1954, inda marar lafiya ke zama a cikin gari tare da wani ɗan'uwansa yana karɓar magani, saboda ya gane cewa ba a raba mutum da mutanensa a ce za a warkar da shi. Limamin da ya ce wa yaro, "Ka ci gaba da addu'a, kuma gobe zan raka ka wurin likita," ya fi kowace sanarwa da za a manna a bango tasiri.

Baban Yusra ya ƙara da cewa:

Malam Ɗan Zazzau, tunda ka tambayi batun lacca, shawarata ita ce kada ku fara da ita. Ku tambayi shugabar cibiyar ko suna da irin tsarin nan da Jami'ar Cornell ta ƙirƙiro domin ɗaliban da ba sa zuwa da kansu, inda mai ba da shawara ke barin ofishinsa ya je ya zauna na wasu sa'o'i a wuraren da ɗalibai suka saba shiga, kowa ya leƙo ya yi magana ta ɗan lokaci ba tare da alƙawarin ganawa ko cike takardu masu yawa ba. Jami'o'i da dama sun kwaikwaya. Idan suna da shi, ku roƙi a kawo shi kusa da ofishin ɗaliban ƙasashen waje, inda shigar mutum ba za ta sa a yi masa wani zato ba.

Ku kuma lura da yadda namu suke bayyana ciwonsu. Da wuya yaronmu ya ce yana cikin damuwa. Zai ce kansa yana zafi, ko yana jin kamar wani abu na yawo a cikinsa, ko idan ya buɗe littafi ba ya gane komai. Likita Raymond Prince ya rubuta irin waɗannan alamomi a tsakanin ɗaliban Najeriya tun 1960. Saboda haka asibitin makaranta yakan fi zama ƙofa mai sauƙi, domin babu wanda ke jin kunyar zuwa a duba shi kan ciwon kai da rashin barci, daga nan likitan zai iya miƙa shi gaba. Da ƙanen nan naku ya ce zazzaɓi ne, da an ce masa to mu je a auna, wataƙila da ya bi.

A cikin ƙungiyarku kuma ku nemi mutum ɗaya ko biyu da ake ganin girmansu, waɗanda suka taɓa zuwa suka amfana, ku roƙe su a asirce ko za su yarda su faɗa da bakinsu a wurin cin abincinku na wata-wata, ba tare da an tilasta wa kowa ba. Ɗaliban Najeriya kaɗai a Amurka sun haura 20,000 a shekarar karatu ta 2023/2024, ba zai yiwu a ce babu irinsu a cikinku ba. Wanda kuwa kuka ji yana maganar ya gaji da rayuwa, kada ku jira taro ko shawarar kowa: ku kira 988, layin gaggawa ne da ke aiki dare da rana tun Yulin 2022, kuma kada a bar shi shi kaɗai har sai taimako ya iso.